Akwatin Sitti Hilda

A gidanmu akwai abu uku da yaro yake tashi da tsoronsu: Alƙur'anin kakana, sandar Kawu Othman, da akwatin Sitti Hilda. Na farko ana taɓa shi da alwala, na biyu shi yake taɓa mutum, na ukun kuwa ko da alwala ba a buɗe shi. Ni na riƙe makullinsa shekara ashirin da tara. In ana neman wanda za a ɗora wa laifin abin da ya same shi, kada a wahala, ga ni nan.

Sunana Abdulghani. A Balad, tsohuwar unguwar Jidda, aka haife ni, a unguwar Mahjar nake zaune, shagona na gyaran na'urar sanyaya ɗaki kuma yana unguwar Bani Malik. A riƙe wannan sana'a tawa a zuciya, domin ita ce ta hana ni samun uzuri. Duk wanda ya shekara arba'in yana buɗe cikin na'urorin Jidda ya san abin da danshin garin nan yake yi wa ƙarfe, balle takarda.

Kakana na wajen uwa, Malam Zaharaddeen, riƙon ajiya ce sana'arsa. A zamaninsa mutanenmu na ƙasar Hausa da ƙafa suke zuwa, su shekara biyar ko bakwai a hanya, su tsallako teku daga Sudan su sauka Jidda da ɗan abin da ya rage musu. Kafin su wuce Makka sai su kawo masa kayansu ya adana a wani ɗaki na dutsen teku da ke bayan gidansa. Yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce duk jarinsa. Duk abin da ya shigo a kulle, a kulle zai fita. Yakan ɗaura wa kayan alamar fata, ya ɗinke makullin cikin wata fatar kamar laya, ya rataye. Ba a buɗewa sai a gaban mai kaya ko magajinsa, da shaidu biyu. In mai kaya ya duba ya gamsu, sai ya kira sunan mai riƙo ya ce, “Wane, na karɓi kayana yadda na bar su, wuyanka ya sauka.” Matuƙar ba a faɗi wannan ba, nauyin yana wuyan mai riƙo, in ya mutu ya koma wuyan wanda ya gaje shi. An ce sai da kakana ya sallami kowa kafin ya rasu, har da jikan wani Bakatsine da ya zo bayan shekara talatin neman tukunyar tagulla. Akwati ɗaya ne ya rage.

Mai akwatin Baturiyar Ingila ce, marubuciyar littattafan labari. Sunan ubanta ya fi ƙarfin harshena, na gwada na bari, mu dai Sitti Hilda muka gada, wato Uwargida Hilda. Abin da na sani na rayuwarta daga bakin 'yata Bayan na ji shi, don ita ce ta bi diddigi. 'Yar wani likitan ƙauye ce a arewacin ƙasarsu, ba ta taɓa aure ba, ta rubuta littattafai huɗu tun kafin a haifi mahaifiyata. Ba labarin sarakai ko masu kuɗi take rubutawa ba. Mutanenta masu wanke-wanke ne, da matan da ke bayar da hayar ɗaki, da tsofaffin da 'ya'yansu suka manta da su. Na ukun ya karɓu, aka ɗan yi yayinta, na huɗun ya faɗi ƙasa warwas, masu sharhi suka ce ta cika zama a kicin. Daga nan sai tari ya kama ta, likita ya ce ta nemi ƙasa mai ɗumi. Tana da wa da ke aikin akawu a wani kamfanin jiragen ruwa a Jidda, ta biyo shi. Wanda ya ba ta shawarar zuwa Jidda don neman lafiyar ƙirji, Allah Ya yafe masa, bai taɓa kwana a nan da bazara ba.

A gidan wan nata ta haɗu da kakata Mairo, wadda ke yi musu wanki. Mairo tana yarinya ta baro gida da ubanta, ya rasu a hanya, wasu bayin Allah suka ƙaraso da ita. Mace ce marar magana. Ko kakana da ya aure ta, iyakar abin da ya sani shi ne daga wani ƙauye take a ƙasar Katsina, kuma mazan wancan lokaci ba sa zama su tambayi mace sunan ƙauyensu. Amma Baturiyar nan ta iya tambaya. Kullum in Mairo ta gama shanya sai ta kira ta bakin taga, ta zuba mata shayi, ta ɗauko littafi da alƙalami, suna haɗa guntun Larabci da guntuwar Hausa. Kusan shekara biyu suna haka. Da Mairo ta haihu, Sitti Hilda ta zo suna har cikin gida ta zauna kan tabarma, unguwa ta cika da kallo, shi ya sa jaririyar ta tashi da laƙabin Turai. Ita ce mahaifiyata.

Bayan shekara guda aka sauya wa wan nata wurin aiki ba zato, jirgi kuma ba ya jiran kowa. Ranar tafiyarsu 'yan dako biyu suka sauke akwatin ƙarfe baƙi a ƙofar gidan kakana, a kulle, makullin yana lilo a jikin mariƙinsa da ɗan zare. Suka ce Sitti ta ce a kawo gidan Mairo. Kakana bai yi wata-wata ba. Ya ɗaura alamar fata, ya ɗinke makullin, ya sa aka shigar da shi ɗakin ajiya. A wurinsa duk abin da ya tsaya a wannan ƙofa a kulle sunansa ɗaya ne.

Sitti Hilda ba ta dawo ba. Mairo ta rasu Inna tana da shekara huɗu. Kakana ya sake aure aka haifi Kawu Othman, da kakana ya rasu makullin ya koma hannun Kawu, shi kuma da ciwon ajali ya kwantar da shi ya kira ni, ya rataya mini layar a wuya, ya sa na rantse ba zan buɗe ba sai mai shi ko magajinta. Ina da shekara talatin da biyar a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Da ƙanena Mazen da sauran 'yan'uwa duk suna nan, ni aka zaɓa.

Inna ba ta taɓa neman wani abu a duniya da naci ba sai abu ɗaya. Ba ta tuna fuskar uwarta, ba ta tuna muryarta, ba ta da hoto. Tana so ta san sunan ƙauyen. In aka yi baƙi daga Nijeriya, masu umara ko waɗanda suka zo suka maƙale, sai ta zaunar da su ta ba su abinci ta ce su lissafa mata garuruwan ƙasar Katsina, wai ko za ta ji wani ya motsa mata a ƙirji. Su yi ta jerowa, Mani, Rimi, Kaita, Ɓatagarawa, tana gyaɗa kai, daga ƙarshe ta ce Allah Ya yi albarka. Ta san uwarta ta faɗa wa Baturiya komai, ta san Baturiya ta rubuta, kuma akwatin yana ƙarƙashin gadonta tun da muka baro Balad. Amma 'yar Malam Zaharaddeen ce. Ba ta taɓa cewa in buɗe ba. Abin da take yi shi ne duk Juma'a ta jawo shi ta goge, ta turara masa turaren wuta kamar amarya, ta mayar.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana. Ina yaro “kai wannan” nake, da na haihu na zama Abu Bayan. In za ta yi mini zancen akwatin ma ta gefe take bi. Takan ce, “Abu Bayan, ka ji nauyinsa kuwa? Takardu ne.” Ni kuma in ce Allah Ya kawo mai shi, ta ce amin, mu rabu a haka.

Bayan ce ba ta iya bin gefe. Tun tana sakandare ta hange sunan da aka rubuta da farin fenti a murfin akwatin, ta kwafe shi, kuma saboda shi ta karanta Turanci a jami'a. Hausarta a karye take, in ta fara jimla da harshenmu da Larabci take ƙarasa ta, amma taurin kai na gidanmu ne tsantsa. Hujjarta ɗaya ce, ta yi ta maimaita ta har na haddace: wanda ba ya so a buɗe masa kaya ba ya rataye makulli a waje. Ni kuma in ce mata ai nan ne ake gane ɗan halas, a bar maka makulli ka kame hannunka. Na ɗauki wannan amsa tawa da girma ƙwarai. Har a majalisa nake faɗin ta.

Sai ambaliyar shekarar 2009 ta zo. Wanda yake Jidda ranar ba ya bukatar a ba shi labari. Da safe aka fara ruwa, kafin azahar titinmu ya zama kogi, motoci suna wucewa ba direba. Muka ɗauke Inna a kan kujera zuwa saman bene, muka kwashi takardun iƙama, wato izinin zama, da abin da hannu ya kai gare shi. Akwatin ba ya ɗaukuwa ga mutum ɗaya, ruwan kuma ya riga ya kai ƙugu. Ya kwana ya wuni a nutse.

Da ruwa ya janye, ni da Mazen muka fito da shi tsakar gida. Da muka karkata shi sai wani ruwa mai launin shayi ya riƙa zubowa ta bakin murfin. Bayan, tana shekarar farko a jami'a lokacin, ta durƙusa a cikin laka ta riƙe gefen rigata. Ta ce in buɗe a shanya takardun ɗaya bayan ɗaya a inuwa, ba wanda zai karanta, ita za ta rufe idonta in na ga dama, a kira liman ya tsaya a kai.

Ta ce, “Abuya, wallahi in ya kwana uku haka, halas, ya ƙare. Kai ka fi kowa sanin rutuba.”

Rutuba ita ce danshin da nake ci da shi, kuma gaskiya ta faɗa, na fi kowa sani. Na san in ka rufe jiƙaƙƙen abu a cikin ƙarfe a garin nan, ba ajiye shi ka yi ba, dafa shi ka yi. Amma layar tana wuyana, maƙwabta sun leƙo suna kallo, kuma yarinya 'yar shekara sha tara tana koya mini aikina a gaban mutane. Na ce mata rantsuwa ba ta da ranar ruwa da ranar rana. Na waiwaya wajen Inna. Tana zaune a kan matakala, ta lulluɓe da mayafi, ta kafa wa akwatin ido. Da ta ce kalma ɗaya da na fasa ɗinkin nan take, ko kuma haka nake gaya wa kaina yanzu don in samu barci. Ba ta ce komai ba, ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin yarda domin hakan ya fi mini sauƙi.

Abin da na yi ya fi ƙin buɗewar ban haushi. Na jingine shi a rana kwana biyu ya tsane ta waje. Na kankare tsatsa, na sayo baƙin fenti mai kyau na shafe shi, na bi sunan Sitti Hilda da fari harafi bayan harafi. Sannan, don kada ruwa ya sake shiga, na zagaye bakin murfin da irin ɗankon da muke toshe bututu da shi, na toshe shi ruf. Duk wanda ya gani sai ya yaba. 'Yata Bayan kuwa ta yi wata guda ba ta ci abinci tare da ni ba.

Shekaru suka wuce. 'Yata Bayan ta gama jami'a, ta zama malamar Turanci a makarantar 'yan mata, ta yi digiri na biyu a kan littattafan Sitti Hilda. Ta daina yi mini maganar buɗewa, ta koma neman magaji, wato ta bi ni ta hanyata. A wajenta na ji cewa Sitti Hilda ta rasu shekara biyar da barin Jidda, a ɗakin haya a wani gari na bakin teku, tarin bai bar ta ba. Ba ta ƙara fitar da littafi ba. Aka manta da ita sarai har jikokin masu karanta ta suka tsufa, sannan wasu mata suka tono littattafan suka sake bugawa, aka fara cewa ashe gwana ce. Mutum sai ya mutu ake sanin tsawonsa. Masu bincike kuma sun ga a wasiƙunta tana ambaton wani littafi na biyar da ta rubuta a Jidda, sun neme shi ƙasa da sama ba su gani ba.

Da yamma Bayan takan zauna gefen gadon Inna ta fassara mata littattafan nan huɗu, rabi Hausa rabi Larabci. Inna ta fi son na huɗun, wanda aka ce ya faɗi. Akwai wata mai wanki a ciki da hannunta ya tsattsage saboda sabulu, Inna ta sa aka maimaita mata wurin sau uku. Bayan ta gaya mata an rubuta wannan tun kafin Baturiyar ta san Jidda, ba Mairo ba ce. Inna ta ce ta sani, amma wadda ta lura da hannun mai wanki a can, ta lura da shi a nan. Ni ina daga falo ina ji, kuma ban taɓa shiga na zauna ba.

Bara, Inna tana da shekara tamanin da takwas, ƙafa ta ƙi, ido ya ragu, Bayan ta samo magajiyar. Jikar wan Sitti Hilda ce, mai aikin akawun nan, ita ma tsohuwa, farin gashi kamar auduga. Aka haɗa mu ta waya muna ganin juna. Bayan ta yi mata bayanin komai, alamar fata, ɗinkin makulli, shekara tamanin da bakwai. Tsohuwar ta cire tabarau ta goge ido, ta ce ba ta taɓa jin mutane irinmu ba. Na ji kaina ya ƙara girma, Allah Ya shirye ni. Ta ce ba za ta iya tafiya ba, amma ta ba da izini da bakinta, a buɗe, kuma a gaya mata abin da aka gani.

Muka sa ranar Juma'a bayan la'asar. Na kira Mazen da maƙwabcinmu Bandar su zama shaidu. Inna ta sa aka yi mata wanka, ta ɗaura sabon zane, ta shafa turare, aka zaunar da ita a kujera a tsakar gida, daidai inda muka ajiye akwatin ranar ambaliya. Tun safe take cikin fara'a. Har ta tsokani Bandar, ta ce in ya ji sunan garinsu ya shirya kai ta, tunda motarsa ba ta da aikin yi sai zaman inuwa.

Na warware ɗinkin layar. Makullin ya fito fes, kamar jiya aka ƙera shi. Ɗankon da na toshe murfin da shi ne ya ba ni wahala, sai da na sa wuƙa, don aikina ba ya da algus. Da murfin ya ɗaga, warin ya riga komai fitowa. Na san warin nan. Shi nake ji in na buɗe na'urar da aka rufe gida aka bar ta shekaru.

Babu takardu a ciki. Akwai dai abin da ya taɓa zama takardu, dunƙule guda baƙi ƙirin, ya kumbura ya bushe ya manne da ƙarfen, kamar daddawar da aka manta a tukunya. Ana iya ganin gefen littattafan, an jera su da kyau, sha biyu a ƙasa da wani tuli mai kauri a sama da aka ɗaure da zare. Bayan ta sa yatsa a hankali ta ɗaga kusurwa, ta ɓare a hannunta ta zama gari. Ba ta dube ni ba. Da ta dube ni da ya fi mini sauƙi.

Inna ta ce, “Me kuka gani? Na ji kun yi shiru.”

Mazen ne ya hango wani ɗan gwangwanin shayi a kusurwa, murfinsa a matse, an zagaye shi da kakin zuma. Ashe Baturiyar ta fi ni sanin inda ake toshewa. A cikinsa akwai takarda ɗaya a ninke, ta yi ja amma rubutun yana nan. Bayan ta karanta a zuci, ta kai ƙarshe, ta koma farko. Sannan ta durƙusa gaban kakarta ta fara fassarawa, kuma ranar ce kaɗai na ji ta yi magana mai tsawo ba ta tsere zuwa Larabci ba.

Wasiƙar ba ga Mairo aka rubuta ta ba, ga jaririyar aka rubuta ta. Sitti Hilda ta ce littattafai sha biyun nan maganar mahaifiyarki ce, yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba: gidansu, rijiyar ƙofar gidan, waƙar da uwarta take yi in tana daka, garuruwan da suka bi, inda aka binne ubanta. Sunan ƙauyen da sunayen kakanninki suna shafin farko, na sa ta faɗa sau uku don kada in yi kuskure. Tulin da ke sama labari ne da na gina a kan maganarta, kuma ina jin ya fi duk abin da na taɓa rubutawa. Ta ce sau huɗu ta ɗauki rayuwar matan da suka yi mata hidima ta sayar ba ta tambaye su ba, wannan karon ba za ta yi ba. Akwatin da abin da ke ciki naki ne. Na bar makullin a waje don iyayenki su buɗe, su riƙa shanya takardun saboda danshi. In kin girma ki sami mai karanta miki, in kin yarda a buga, in ba ki yarda ba ki ajiye abinki.

Bayan ta ninke takardar. Bandar ya sunkuyar da kai yana ta murza carbi. Ni kuwa ina tsaye da wuƙa a hannu da ɗanko a yatsu, ina lissafin da ba na so in yi: takardun nan sun yi shekara saba'in da uku lafiya ƙalau a hannun kakana da Kawu da ni kaina, suna jiran a sa makulli. A hannuna suka mutu, cikin kwana uku, ina sane. Kuma mai izinin da muka yi ta nema har Ingila, ita ce take kwana a kan akwatin, take turara shi duk Juma'a.

Inna ta ce a matso mata da akwatin. Ni da Mazen muka ja shi har gaban ƙafafunta. Ta sunkuya, ta sa tafin hannunta a kan baƙin dunƙulen, ta shafa shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, yadda ake shafa kan marar lafiya. Ta tambayi Bayan ina ne shafin farko zai kasance. Bayan ta kama hannunta ta kai shi kusurwar hagu, can ƙasa. Ta bar shi a wurin.

Ta ce, “Ashe ni ce mai ajiyar.”

Na buɗe baki in ce wani abu. Ina so in faɗi maganar ranar ambaliya a gaban shaidu, in ce Bayan ta gaya mini, in ce na sani na ƙi. Ina so ta zage ni, ko sau ɗaya a rayuwarta, ta ɗaga murya ta ce na cuce ta. Na fara da “Inna”, ta ɗaga ɗaya hannun ta tsayar da ni. Ta tambaya ko shaidu suna nan, Mazen da Bandar suka amsa. Ta gyara mayafinta, ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina, hannunta yana nan a kusurwar hagu bai motsa ba.

Shekarata sittin da huɗu, ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar.

Ta ce, “Abdulghani, na karɓi kayana yadda na bar su. Wuyanka ya sauka.”